KIMIYYA A ƘARƘASHIN ƘAFAR DIREBA: YADDA AKE GANO CIWON KULOCI DA MAGANINSA

Daga cikin fedodi uku da ke ƙarƙashin ƙafar direban mota mai giyar hannu, totur da birki su ne kowa ya san aikinsu, domin ɗaya na ƙara gudu ne, ɗaya na ragewa. Ta ukun, wadda ke can hagu, wato fedar kuloci, ba a cika tunawa da ita ba sai ranar da ta ƙi. A ranar kuwa, ko da injin lafiyarsa ƙalau, tanki cike da mai, tayoyi sababbi, motar ba za ta bi umarnin mai ita ba. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne alama guda tana iya fitowa daga abu mai arha ƙwarai, tana kuma iya fitowa daga abu mai tsada ƙwarai. Fedar da ta faɗi ƙasa ta ƙi tasowa, mai yiwuwa wata 'yar roba ce da ba ta kai faɗin kwabo ba ta cinye, aikin sa'a guda ke nan. Mai yiwuwa kuma sai an sauke giyabos ɗungum, aikin yini da kuɗi masu kauri. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, akan sauke giyabos, a sa sabon faranti, a mayar, a tarar ciwon yana nan inda aka bar shi, saboda tun farko ba a can yake ba.

Nufinmu a nan shi ne mu nuna wa mai karatu cewa darussan da ake koyarwa a ajin kimiyya, wato gogayya, da liba, da matsi a cikin ruwa, da halin iska idan aka matse ta, su ne makamin gano wannan ciwo kafin a ɗauki sifana.

Me ya sa mota take bukatar kuloci?

Injin fetur ko na dizal ba ya iya ba da ƙarfi yana tsaye. Tilas ne ya riƙa juyawa, ko da motar ba ta tafiya, kuma a yawancin ƙananan motoci yakan yi juyi 700 zuwa 900 a minti ɗaya idan ba a taka totur ba. Tayoyi kuwa a wannan lokaci ba sa juyawa ko kaɗan. Da za a haɗa abu mai juyi 800 da abin da ke tsaye cak a lokaci guda, ko dai injin ya mutu, ko motar ta yi tsalle, ko wani ƙarfe ya karye. Saboda haka ake bukatar wani abu a tsakani da zai haɗa su sannu a hankali, ya kuma raba su idan ana son tsayawa ko canja giya. Wannan shi ne kuloci.

Mai karatu ya ɗauki faifai ya sa tsakanin tafukansa biyu. Idan ya matse shi sosai ya juya hannuwa, faifan zai bi su. Idan ya sassauta, hannuwa za su juya, faifan yana zamewa. Tafi na farko shi ne fulawil, wani babban faifan ƙarfe mai nauyi da ke ɗaure a bayan inji. Tafi na biyu shi ne murfin matsi, wanda shi ma yana ɗaure a jikin fulawil ɗin, tare suke juyawa. Faifan da ke tsakani shi ne farantin kuloci, mai fuska biyu da aka lulluɓe da wani abu mai jure guga da zafi, cibiyarsa kuma tana zaune a kan sandar da ke shiga giyabos, a kan wasu haƙora da ke barinsa ya matsa gaba da baya amma ba su barinsa ya juya shi kaɗai. Abin da ke yin matsin wani sifirin ne mai siffar kwano marar zurfi, wanda aka tsattsaga tsakiyarsa ta zama yatsu. Asalin irin wannan sifirin yana komawa ga wani Bafaranshe, Julien Belleville, wanda ya yi rajistar ƙirarsa a 1867, tun kafin a san mota.

Abin lura, wanda ɗalibai da dama sukan juya shi baibai, shi ne idan ƙafa ba ta kan feda, kuloci a kame yake. Taka feda sakinsa ne. Ƙafa takan tura wani boris ya danna yatsun sifirin, sai gefen sifirin ya ɗaga, murfin matsi ya ja da baya, faranti ya sami sarari.

Saƙon ƙafa yakan isa ga wannan boris ta ɗayan hanyoyi biyu. Ta farko waya ce, irin ta birkin keke amma mai kauri. Ita ce a jikin Volkswagen Beetle, wadda aka riƙa harhaɗawa a Legas daga 1975, ita ce kuma a yawancin Golf 3 da suka cika tashoshinmu. Ta biyu ta mai ce: feda tana tura fistin a cikin wata ƙaramar silinda da ke bayan fedar, mai ya bi bututu ya tura wani fistin a silinda ta biyu da ke jikin giyabos. Kanikawa sukan kira su kulocin sama da kulocin ƙasa. Wannan ce hanyar Peugeot 504, wadda ta fito a Faransa a 1968, kamfanin PAN kuma ya harhaɗa ta a Kaduna daga 1975 har zuwa 2006, ita ce kuma hanyar bas ɗin Toyota Hiace. Kafin a tambayi komai game da ciwon kuloci, sai an san wace hanya ce motar take bi.

Ɗan lissafi domin malamai da ɗalibai

Alƙaluman da ke tafe ba na wata mota takamaimai ba ne, an daidaita su ne don sauƙin lissafi, amma ba su yi nisa da na ƙananan motoci ba. A ce ƙafa ta danna feda da ƙarfin niyuton 100, wato kamar nauyin kilo 10. Fedar kanta liba ce. Idan tsawonta daga maƙalarta zuwa tafin ƙafa ya ninka tsawon da ke tsakanin maƙalar da sandar fistin sau 5, ƙarfin ya zama 500. Fistin na sama a ce faɗinsa milimita 16 ne, na ƙasa kuma 20. Blaise Pascal, wanda aka buga littafinsa a kan wannan batu a 1663, shekara guda bayan rasuwarsa, ya nuna cewa matsin da aka yi wa ruwan da ke rufe yakan isa ko'ina a cikinsa daidai wa daida. Tun da fuskar fistin na ƙasa ta fi ta na sama da kimanin ninki 1.56, ƙarfin ya zama kusan 780. Cokalin da ke tura boris wata liba ce, a ce ninki 2, ya zama 1,560. Yatsun sifirin su ma liba ne, a ce ninki 4, sai ga shi mun haura 6,000. Ƙafar da ta ba da ƙarfin kilo 10 ta ɗaga matsin da ya haura kilo 600.

To, amma banza ba ta kai zomo kasuwa. Abin da aka samu a ƙarfi, an biya shi da tafiya. Feda ta yi tafiyar milimita 150, fistin na sama ya yi 30, na ƙasa 19, boris bai cika 10 ba, murfin matsi kuwa milimita 2 da 'yan kai kawai ya ɗaga. Duk rayuwar kuloci a cikin waɗannan milimita biyu take. Duk abin da ya saci wani kaso na tafiyar a hanya, ko waya da ta miƙe, ko maƙala da ta cinye, ko iska a cikin bututu, daga cikin milimita biyun nan ya sata.

Mu duba iska musamman. Fuskar fistin na sama kimanin santimita murabba'i 2 ce, tafiyarsa santimita 3, ke nan man da yake turawa a taku ɗaya bai wuce mililita 6 ba, cikin ƙaramin cokalin shayi da ɗan ɗori. Matsin da ke cikin bututun a lokacin ya kai kimanin ninki 25 na matsin iskar da muke shaƙa. Mai ba ya matsuwa sai abin da ba a rasa ba. Iska kuwa, kamar yadda Robert Boyle ya bayyana a 1662, idan matsi ya ninku, girmanta yakan ragu da gwargwadon haka. Kumfar iska mai girman mililita 2 za ta ƙanƙance ta koma ƙasa da kashi ɗaya cikin ashirin na girmanta, kuma wurin da ta bari mai ne zai cike shi, maimakon ya je ya tura fistin na ƙasa. Sulusin takun direba ya tafi wajen matse kumfa. Wannan shi ne dalilin da ya sa fedar da iska ta shiga take yin laushi kamar an taka soso, giya kuma ta ƙi shiga.

Idan feda ta faɗi ƙasa

Wannan ita ce alamar da ta fi tsorata direba, musamman idan ta faru ana cikin tafiya. Abin yi a lokacin shi ne a ɗaga ƙafa daga totur, a ja giya zuwa firi, wadda takan fita ba tare da kuloci ba idan ba a taka totur, a yi birki a sauka gefen hanya. Kada a zare makulli motar tana tafiya, domin sitiyari yana iya kullewa.

A mota mai waya, bincike gajere ne. Idan an ji wani ɗan ƙara, feda ta tafi ƙasa babu nauyi ko kaɗan, wayar ce ta tsinke, galibi daga ƙarshenta inda take lanƙwasa kullum. A buɗe bonet a ja bakin wayar da hannu; idan ta biyo, magana ta ƙare.

A mota mai amfani da mai, a fara da ɗan kofin man. Idan babu komai a ciki, mai ya zube, sai a nemi inda ya bi. Wuri na farko da mutane suke mantawa shi ne cikin motar: a leƙa ƙarƙashin sitiyari da tocila, a shafa sandar da ta tashi daga feda ta shige silindar sama. In da danshi a jikinta, ko shimfiɗar ƙasa ta jiƙe, ko fenti ya kwaile a wurin, robar baya ta kulocin sama ce ta mutu. Daga nan a sauka ga kulocin ƙasa, a ɗaga robar da ke rufe bakinsa don hana ƙura. Bai kamata a sami mai a cikinta ba. Sa'an nan a bi bututun da tiyo ɗin roba da ke tsakani. A motocin da aka ƙera daga baya, da yawa an haɗa kulocin ƙasa da boris an mai da su abu ɗaya a cikin ƙoƙon giyabos, inda ido ba ya gani. A irinsu shaidar ita ce ɗigon man birki daga ƙasan ƙoƙon, kuma gyaransa sai an sauke giyabos. Haka kuma motoci da dama kofi ɗaya kuloci da birki suke sha, amma an ɗora bakin bututun kuloci sama da na birki da gangan, don idan mai ya yi ƙasa kuloci ya fara ƙi kafin birki. Saboda haka a irin wannan mota, fedar kuloci da ta yi laushi tana iya zama gargaɗi ne cewa birki ke yoyo, kuma wannan ya fi gaggawa.

Sai kuma hali mai ruɗarwa: kofi cike, babu ɗigo ko'ina, amma kuloci ba ya aiki sosai. Ga gwajinsa. A wuri mai fili, a taka feda har ƙasa, a sa giya ta ɗaya, a ci gaba da riƙe ta a take, ɗaya ƙafar tana kusa da birki. Idan bayan wasu daƙiƙoƙi motar ta fara jan ciki da kanta alhali ba a ɗaga ƙafa ba, robar gaba ta kulocin sama tana barin mai ya sulale ta gefenta ya koma kofi. Yoyo ne na cikin gida, ba ya fitowa waje. Direban da ke cikin cunkoso a Kano ko Kaduna, wanda yake riƙe da kuloci a take yana jiran a matsa, shi ne irin wannan ciwo yake kai wa ga bugun motar gabansa. Idan kuwa feda takan gyaru na ɗan lokaci bayan an tattaka ta da sauri sau biyar ko shida, to, ko iska ce, ko robar ta fara gajiya.

Idan duk waɗannan lafiya suke, a sa wani ya taka feda, a kalli sandar kulocin ƙasa. Idan tana tafiya sosai, tana tura cokali, amma kuloci bai saki ba, a nan ne kawai zargi yake komawa cikin ƙoƙo: cokali ya tsage, ko maƙalarsa ta karye, ko boris ya tarwatse.

Giya ta ƙi shiga

Akan ɗora wa giyabos laifin da ba nasa ba. Hanyar raba gardama mai sauƙi ce. A kashe inji a gwada giyoyin duka. Idan suna shiga sumul, amma da an ta da inji sai su ƙi, giyabos ba shi da laifi. Kuloci ne ba ya saki gaba ɗaya, faranti yana ci gaba da juya sandar giyabos. Ribas ce take fara tona asiri, domin a motoci da yawa ba ta da zoben da ke daidaita gudun haƙora kafin su haɗu, irin wanda giyoyin gaba suke da shi. A taka feda, a ƙirga uku, a sa ribas. In ta yi gurnani, kuloci yana ja.

Dalilan da ke waje su ne iska da yoyo da muka ambata, ko waya da ta yi sako-sako, har ma da tabarmar roba da ta naɗe a ƙarƙashin feda ta hana ta kaiwa ƙasa, abin da ya kamata a duba kafin komai tun da ba ya cin ko sisi. Na ciki kuwa su ne faranti da ya karkace, ko haƙoran cibiyarsa da suka yi tsatsa, ko ɗan boris ɗin da ke tsakiyar fulawil da ya kame. Motar da aka ajiye duk damina ba a motsa ta ba, farantinta yana iya mannewa da fulawil saboda tsatsa, feda tana tafiya daidai amma babu abin da ya saki.

Inji yana kuka, mota ba ta gudu

Wannan kishiyar wancan ce: kuloci ba ya kamawa sosai. Akan fara jin sa a hawa, ko da lodi, ko a babbar giya. Gwajinsa shi ne a sa babbar giya ana tafiya a hankali, a taka totur sosai. Idan kukan inji ya tashi gudu bai ƙaru ba, kuloci yana zamewa, kuma sau da yawa wani wari mai kama da na ƙonannen birki yakan biyo baya.

Ƙarfin juyi da kuloci zai iya ɗauka ya dogara ga abu huɗu da ake ninkawa: ƙarfin matsi, da ma'aunin gogayya, da nisan wurin guga daga tsakiya, da yawan fuskoki, wato biyu. Da matsi 6,000, da ma'aunin gogayya 0.3, da nisan mita 0.09, sakamakon ya haura niyuton-mita 320, alhali injin fetur mai lita 2 yakan ba da tsakanin 150 da 200. Akwai rara mai yawa. Amma a bar baƙin mai ya ɗigo daga robar bayan inji ya shafi faranti, ma'aunin ya faɗo zuwa 0.1, sai abin da kuloci zai iya ɗauka ya koma kusan 108, ƙasa da abin da inji yake bayarwa. Sabon faranti a wannan hali asarar kuɗi ne muddin ba a toshe yoyon ba.

Kafin a yanke wa faranti hukunci, akwai abin da ya wajaba a auna, wato wasan feda. Shi ne ɗan tafiyar da feda take yi ba nauyi kafin a fara jin turjiya, ana kuma auna shi da yatsa da rula. A Beetle milimita 10 zuwa 20 ne, ana daidaita shi da wani noti mai fukafukai a ƙarshen wayar; kowace mota kuma tana da nata a littafinta. Ga abin da ke faruwa: yayin da faranti yake cinyewa yana sirancewa, murfin matsi yakan matso gaba, yatsun sifirin kuma su miƙo baya wajen boris. Wasan feda yana raguwa ke nan da kansa. Ranar da ya ƙare, boris yana danne da yatsun dare da rana, tamkar direba ya ɗora ƙafa a kan feda bai sauke ba. Kuloci zai zame alhali farantinsa da sauran rai, kuma juya noti sau biyu ko uku ya isa, in an yi shi da wuri. Wasu motocin, har da Golf 3, wayarsu tana da abin da ke daidaita kanta, shi ma kuma yakan maƙale.

A mota mai amfani da mai, wannan gyara yakan faru da kansa, domin rarar mai takan koma kofi ta wata 'yar ƙofa da ke buɗewa idan fistin na sama ya koma mazauninsa. Amma idan an ƙara wa sandar feda tsawo fiye da kima, kamar yadda wasu suke yi don su “ɗaga kuloci”, fistin ba ya komawa har ƙarshe, ƙofar ta kasance a rufe. Da safe mota lafiya lau. Idan rana ta take, mai ya yi zafi ya kumbura, ba shi da mafita sai ya tura fistin na ƙasa, kuloci ya fara zamewa. Duk kulocin da ke zamewa da zafi ya warke da sanyi, a fara duba wannan sanda.

A nan ya kamata a faɗi gaskiya game da direbobi. Ɗora ƙafa a kan feda ana tafiya, da riƙe mota a hawa da rabin kuloci maimakon birki, da tashi da giya ta biyu da lodi, duk mai da ƙarfin inji ne zuwa zafi a kan faranti. A ganina waɗannan halaye sun fi ƙura da zafin ƙasarmu cin kuloci.

Tauri, ƙara da karkarwa

Feda mai tauri a mota mai waya, yawanci wayar ce ta bushe ko silinta suka fara tsinkewa a cikin kube, ƙurar hunturu kuma tana taimakawa. Wannan gargaɗi ne cewa ta kusa yankewa, canja ta ya fi zuba mata mai. Idan waya sabuwa ce taurin bai tafi ba, a tuna cewa sifirin mai siffar kwano yakan ƙara nauyi a ƙafa yayin da faranti yake tsufa.

Ƙara kuwa kunne ne likitanta. Wadda ake ji ko inji a kashe, daga maƙalar feda take, ɗan giris ya ishe ta. Wadda take tasowa da zarar an ɗan taɓa feda inji yana aiki, boris ɗin da ke danna yatsu ne. Wadda ake ji a firi ƙafa ba ta kan feda, ta ɓace idan an taka, daga boris ɗin sandar giyabos take, ba ta kuloci ba ce sam. Karkarwa a lokacin tashi tana iya zama mai a kan faranti ko fulawil da zafi ya ɓata wa fuska, amma a duba robobin da inji yake zaune a kansu tukuna. Masu Beetle sun san wani sirri a nan: kuben wayarta da ke kusa da giyabos dole ne ya kasance da ɗan lanƙwasa, idan ya miƙe sambal motar takan yi rawa a tashi.

Gyara

Canja robobin silinda yana da amfani ne kawai idan cikin silindar sumul yake. In ya yi ƙuraje ko zane, sabuwar roba ba za ta daɗe ba, gara a sa silinda sukutum. Bayan kowane irin wannan aiki sai an fitar da iska, kuma aikin mutum biyu ne. A cika kofi. A sa siririn tiyo a bakin ɗan notin fitar da iska da ke jikin kulocin ƙasa, ɗaya bakin a cikin kwalba mai ɗan mai. Na ciki ya taka feda ya riƙe, na waje ya kwance notin kaɗan, mai da kumfa su fito, ya ɗaure, sa'an nan na ciki ya ɗaga ƙafa. Idan aka ɗaga kafin a ɗaure, iska ta koma. A maimaita har kumfa ta ƙare, ana lura kada kofi ya bushe.

Man da ake sawa man birki ne, DOT 3 ko DOT 4, gwargwadon abin da aka rubuta a murfin kofi. Sabon DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205 a ma'aunin Salshiyas, DOT 4 kuma 230. Amma wannan mai yana shan danshi daga iska, kuma idan ruwan da ke cikinsa ya kai kashi 3.7 cikin ɗari, ƙa'idar ta sauko zuwa 140 da 155. Ruwan kuma shi ke cin cikin silinda da tsatsa. Shi ya sa masu ƙera motoci da dama suke cewa a canja shi duk shekara biyu, shi ya sa kuma gwangwanin da ya daɗe a buɗe ba abin saye ba ne. Baƙin mai, ko man giya, ko kananzir, ko kaɗan ne, sukan kumbura robobin su lalata su duka. Ruwa da garin sabulu da wasu suke ɗurawa a kan hanya yana iya kai mota gari na gaba, amma ya bar tsatsa a baya, kuma a motar da kofinta ɗaya da birki, wasa da rayukan fasinja ne. Man birki guba ne, yana kuma cin fenti. In ya zuba a wanke da ruwa nan take.

Idan bincike ya tabbatar sai an sauke giyabos, kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai yake riƙe da ita. Kada kuma a hure ƙurar cikin ƙoƙo da baki ko da iskar famfo. Shekaru da dama ana yin fuskar faranti da asbestos, wanda ƙurarsa take jawo ciwon huhu da sankara bayan shekaru. Tarayyar Turai ta haramta shi gaba ɗaya daga 2005, amma ba kowace ƙasa ce ta bi sahu ba, kuma ido ba ya bambance faranti mai shi da marar shi. A goge da tsumma mai danshi.

Tun da wahalar a saukewa take, hikima ita ce a canja faranti da murfin matsi da boris tare, a duba fuskar fulawil da robar bayan inji. Giris a kan haƙoran sanda ɗan kaɗan ake shafawa, domin rararsa juyi zai watsa ta kan faranti. Faranti yana da gaba da baya, galibi an rubuta a jikinsa fuskar da ke kallon fulawil. Kafin a ɗaure murfi kuma sai an tsayar da shi a tsakiya daidai, da tsohuwar sandar giyabos ko wani itace da aka fere daidai ramin, a riƙa ɗaure notocin kaɗan-kaɗan ana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan. Idan giyabos ya ƙi zama da hannu, a sauke shi a sake daidaita farantin. Jawo shi da ƙarfin noti yakan lanƙwasa sabon farantin tun bai yi tafiyar kilomita ɗaya ba.